Wani ya kashe kansa a gaban jirgin da maigidana ke tuƙi: zai dawo yadda yake kuwa?

"Likita, barka da aiki. Maigidana direban jirgin ƙasa ne, shekararsa 14 a aikin. Mako uku da suka wuce wani mutum da bai taɓa gani ba ya kashe kansa a gaban jirginsa. An yi bincike, an ce babu laifinsa ko kaɗan. Amma tun ranar ba ya barcin kirki. Cikin dare sai ya zabura yana zufa, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya firgita, ga saurin faɗa da yara, abin da ba halinsa ba. In na tambaye shi sai ya ce ba komai. 'Yan'uwansa suna ta cewa ya manta, tunda ba shi ya kashe shi ba, bai ma san shi ba. Wurin aiki kuma sun fara tambayar yaushe zai koma. Wannan ciwo ne ko zai wuce da kansa? Mu matsa masa ya yi magana ko mu ƙyale shi? Kuma ya dace ya koma tuƙi?"

Malama, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya ba iyalan mamacin haƙuri. In na fahimce ki, abu uku kike son sani: ko abin da ke damunsa ciwo ne, ko a sa shi ya yi magana, da ko ya koma bakin aiki. Amma a ƙarƙashin ukun akwai wata tambaya da 'yan'uwansa suka jefo, ina jin ke ma tana miki yawo a rai. Ta yaya mutuwar wanda ba ka sani ba, kuma ba ka da hannu a ciki, za ta hana ka barci? Da ita zan fara, don in aka gane ta sauran ba su da wuya.

Kafin nan, bari in ɗan kwantar miki da hankali. A mako na uku, abin da kika lissafa bai kai a sa masa sunan ciwo mai ɗorewa ba tukuna. Haka jikin mai lafiya yake yi in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, kuma yawancin direbobi suna warwarewa. Sai dai kuna dab da lokacin da ya kamata a sa ido sosai.

Tsakanin jan birki da tsayawar jirgi

Mutane suna ɗaukar direban jirgi kamar direban mota, alhali ba su haɗa hanya ba. Mai mota yana da sitiyari, yana iya kaucewa, tayarsa ta roba tana kama kwalta. Jirgi kuwa ƙarfe ne a kan ƙarfe, ba shi da sitiyari, inda dogo ya nufa nan zai bi. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi bayan an ja birkin gaggawa kafin ya tsaya. Saboda haka direba yakan hango mutum tun daga nesa. Ya danna hon, ya ja birki, shi ke nan, duk abin da aka koya masa ya ƙare. Abin da ya rage masa shi ne ya zauna yana kallo ko ya kau da kai.

A cikin direbobin da na zauna da su, kusan kowa a nan ciwonsa yake. Ba su cika tsayawa a kan abin da ya biyo baya ba. 'Yan daƙiƙun nan ne suke dawo musu, lokacin da sun san abin da zai faru kuma babu abin yi. Akwai wani dattijo da ya zo wurina, saura shekara biyu ya yi ritaya. Yana ba ni labari muryarsa lafiya lau, kamar yana karanta rahoto, amma hannunsa na dama yana kan gwiwarsa a dunƙule, yana janyowa baya a hankali. Da na nuna masa, sai ya dubi hannun kamar na wani. Matarsa ta ce haka yake yi ko a cikin barci. Wata biyu bayan abin, hannun nan bai daina jan birki ba.

Dalilin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke ajiye abu. A can cikinta akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, shi ne mai gadi. Da ya ga haɗari sai ya kaɗa ƙararrawa, jiki ya cika da sinadarin adiranalin, zuciya ta hau bugu, numfashi ya gajarce. Akwai kuma wani sashen, hifokamfas, wanda aikinsa shi ne ya jera abin da ya faru, ya sa masa rana da wuri, ya ajiye a matsayin abin da ya wuce. In firgici ya yi yawa, mai gadi yakan danne mai ajiya. Sai abin ya shige a wargaje, launin riga a nan, ƙarar birki a can, wari a wani wuri, babu kwanan wata a jikin ko ɗaya. Shi ya sa in ƙofa ta buga, jikin maigidanki ba tunawa yake yi ba, a wurinsa abin yanzu yake faruwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Faɗan da yake yi da yara ma daga nan yake. Mutumin da mai gadinsa ya yi mako uku bai runtsa ba, hayaniyar yara kamar ana buga masa ganga a cikin kai ne.

Sai maganar laifi. "Ba laifinka ba ne" gaskiya ce, amma a kunne take tsayawa. Direba mutum ne da aka horar shekara da shekaru a kan cewa duk abin da ya faru a gaban jirgi a wuyansa yake, kuma wannan horon ne ya sa ya zama direban kirki. Rana ɗaya ba za a ce masa wannan karon kaɗai babu ruwansa ya yarda ba. Zai yi ta lissafi a ransa: da na hango shi da wuri, da na rage gudu a kwanar can, da na yi musayar aiki da wane. Akwai kuma abin da da wuya ya faɗa miki, wato fushi. Da yawa suna jin haushin mamacin, suna cewa me ya sa ni, me ya sa ya sa ni cikin mutuwarsa ban ji ba ban gani ba. Daga baya kuma su ji kunyar jin haushin wanda wahala ta kai shi ga haka. Mutum yana ɗauke da tausayi da fushi da kunya a lokaci guda, kika tambaye shi me ke damunsa, ba mamaki ya ce ba komai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan aiki shi ne irin su maigidanki ba su da gurbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara. An daɗe ana cewa kowace irin wannan mutuwa tana taɓa mutum shida, har wata mai bincike a Amurka, Julie Cerel, ta yi lissafi ta samu kusan 135. Amma waɗannan 135 ɗin waɗanda suka san mamacin ne. Direba ba ya cikinsu. Shi ne na ƙarshe da ya ga mutumin da rai, amma ba ya cikin masu makoki, ba wanda zai zo ya yi masa gaisuwa, sau da yawa ko sunan mamacin ba ya ji. Abin da ake ba shi takarda ce ya cika, da tambayoyin masu bincike. Cewa "ai ba ka san shi ba", ko da niyyar lallashi aka faɗa, gaya masa ake yi cewa bai cancanci jin abin da yake ji ba.

Abin da bincike ya nuna

A 1980 ne likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da ciwon ɗimuwar bayan tashin hankali, wanda ake taƙaitawa da PTSD, cikin kundinsu na cututtuka, bayan abin da aka gani a jikin tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam. Bugun kundin na 2013 ya faɗa ƙarara cewa ba sai abin ya faru a kanka ba. Ganin mutuwa ido da ido ya isa, haka nan yawan cin karo da munanan abubuwa a bakin aiki, kamar masu kwashe gawa. Ba a tabbatar da ciwon sai alamun sun wuce wata ɗaya kuma suna hana mutum harkokinsa.

A kan direbobin jirgi, bincike biyu nake yawan kawowa masu zuwa wurina. Na farko an buga shi a 1992, a kan direbobi 76 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan. Wata ɗaya bayan abin, kusan 16 cikin 100 suna da wannan ciwo, kusan 40 cikin 100 kuma suna fama da wasu matsaloli kamar ciwon damuwa da tsoro. Na biyu daga Faransa, an buga shi a 2004, an bi direbobi kusan 200 har shekara uku. Da farko sun fi abokan aikinsu shiga damuwa nesa ba kusa ba, amma cikin shekara ɗaya bambancin ya ɓace, kuma kusan dukkansu sun ci gaba da aikinsu. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu tsohon tabo na wani tashin hankali, da waɗanda dama wata matsalar rayuwa ke kansu, da kuma direban da aka bari ya ja jirgin shi kaɗai bayan abin ya faru, ba a haɗa shi da kowa ba. Ki riƙe wannan na ƙarshen, zan dawo kansa.

Waɗanda ke tsaye a tasha

Ba direba kaɗai abin yake taɓawa ba, ko da yake shi ne aka fi tunawa da shi. Akwai kwandasta da zai kwantar wa fasinjoji hankali alhali nasa a tashe yake. Akwai mai kula da sigina, wanda ta rediyo ya ji muryar direba ta canza. Akwai 'yan sanda da ma'aikatan agaji, da masu gyaran dogo, da masu wanke jirgi a gareji da daddare. Su waɗannan na ƙarshe da wuya ka ji an tambayi lafiyarsu, kuma a ganina sun fi kowa cancanta. Direban bas ko na babbar mota da irin wannan ta faɗa masa yana da ƙarin nauyi, domin shi yana da sitiyari, don haka lissafin "da na kauce" ya fi cin sa, ga tsoron taron jama'a, ga zargi kafin a gama bincike.

Sai fasinja da ya zo wucewa kawai. Direba ko ba komai yana da wurin aiki da ya san abin da ya same shi. Fasinja kuwa ana buɗe hanya zai kama gabansa, babu wanda ya rubuta sunansa. Wata matashiya ta zo wurina wata huɗu bayan ta ga irin wannan a tasha, a hanyarta ta zuwa aiki. Ta daina hawa jirgi, tana zagaye mai nisa a mota, ta ce wa kowa cunkoso ne ba ta so. Abin da ke dawo mata shi ne jakar da mutumin ya ajiye a kan benci kusa da ita, da wayar da ta yi ta ƙara a cikin jakar bayan komai ya lafa. Ƙarar wayar iri ɗaya ce da ta ƙanenta. Duk sanda ya zo gidan aka kira shi, sai ta tashi ta shige banɗaki.

Ciwonta shi ne ta lura da shi tun kafin abin. Ta ga jirgi biyu sun zo sun wuce bai hau ba, ta yi niyyar yi masa magana, sai ta ce kada ta shiga abin da ba ruwanta. Da abin ya faru kuma ƙafafunta suka ƙi motsi, ko ihu ba ta iya yi ba. Sai da muka ɗauki makonni kafin ta yarda da abu biyu. Sandarewa ba ragwanta ba ce, ɗaya ce daga hanyoyi ukun da jiki ke bi in ya firgita, faɗa ko gudu ko daskarewa, kuma ba mutum ne ke zaɓa ba. Sannan abin da ta sani bayan faruwar abin, ba ta san shi kafin nan ba. A ranar, mutum ne kawai tsaye a tasha, kamar ɗaruruwan da take gani kullum.

A nan dole in yi taka-tsantsan, domin gaskiya ne magana tana ceton rai. Tunanin kashe kai sau da yawa guguwa ce mai wucewa. A 1978 wani mai bincike a Amurka, Richard Seiden, ya bi sawun mutum 515 da aka tare suna shirin kashe kansu a gadar Golden Gate ta San Francisco, ya tarar bayan kusan shekara 26 kimanin 94 cikin 100 suna raye ko sun yi mutuwar Allah da Annabi. Shi ya sa a Birtaniya ƙungiyar Samaritans, mai sauraron waɗanda ke cikin ƙunci, ta haɗa kai da Network Rail, kamfanin da ke kula da layin dogo, tun 2010 tana horar da ma'aikatan tasha, a 2017 kuma suka fara kira ga fasinjoji cewa ko tambayar lokaci ce ka yi wa wanda ka ga alamar damuwa a tare da shi, tana iya katse masa tunanin. Wannan darasi ne na gaba. Ba sanda ba ce da wanda ya riga ya gani zai riƙa dukan kansa da ita.

Ga masu ciro waya kuma, ba ni da sassauci. Hoton da aka ɗauka aka watsa yana mayar da mutum dubu shaidu, yana iya isa ga uwar mamacin kafin 'yan sanda, kuma yana iya tunzura wani mai rauni. A Biyana, babban birnin Ostiriya, jaridu sun yi ta kwarmata irin wannan mutuwa a jirgin ƙarƙashin ƙasa, adadin yana hawa. Da aka fitar musu da ƙa'idojin rahoto a 1987 suka rage, adadin ya faɗi da fiye da rabi. Ki tabbata babu wanda ya turo wa maigidanki hoto ko bidiyo, shi ma kada ya je nema.

A matsa masa ya yi magana?

A'a. A da an yi yayin tara waɗanda suka ga tashin hankali cikin kwana ɗaya ko biyu, a sa kowa ya zayyana abin da ya gani dalla-dalla a zama guda, wai a amayar da shi. Da aka auna sai aka ga ba ya hana ciwon, wasu ma ƙara musu yake yi, kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce a daina. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 a matsayin taimakon farko ga zuciya ya fi sauƙi nesa: ka duba halin da mutum yake ciki, ka saurare shi in ya so magana, ka haɗa shi da abin da yake buƙata.

Amma ƙyalewa daban, watsarwa daban. Maimakon "me ke damunka", wadda ke neman amsar da shi kansa bai da ita, ki gaya masa abin da kika gani. "Na ga jiya ba ka samu barci ba. Duk sanda kake son magana ina nan, in ba ka so ma ba komai." Maza da yawa sun fi buɗe baki in ana tafiya ko hannu yana wani aiki, a kan a zaunar da su ido cikin ido. In ya fara, kada ki tare shi da "ba laifinka ba ne", kada ki gyara masa abin da yake ji. In ya ce yana jin haushin mutumin, ki ce kin ji. Wataƙila kuma ba ke zai fara gaya wa ba, don yana ganin kare ki yake yi. Kada ki ji zafin haka. A abin da na gani, babu wanda ya kai tsohon direban da irin wannan ta taɓa faɗa wa iya shiga zuciyar sabon da ta sama. In akwai irinsa a cikin abokan aikinsa, ki nemi ya leƙo.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma su ne ginshiƙi. Ya riƙa kwanciya da tashi a kan lokaci ko barcin bai zo ba, ya fita ya motsa jiki da rana, kada ya yini a ɗaki. In mai ibada ne, ya riƙe ta, musamman wadda ake yi cikin jama'a. Yara a gaya musu daidai hankalinsu, cewa baba ya ga wani mummunan abu a wurin aiki, jikinsa bai gama hucewa ba, ba su ne suka yi laifi ba. 'Yan'uwa kuma ki roƙe su su sauya "ka manta" da "sannu".

Abu ɗaya da zan ja miki kunne a kai shi ne neman barci ta gajeriyar hanya. Giya da ƙwayoyi suna kwantar da mutum daren farko, su dagula na goma. Magungunan kwantar da hankali irin su diyazefam ma, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da su don firgici ko rashin barci a watan farko bayan tashin hankali. Ba sa warkar da komai, jiki yana saurin sabawa da su, kuma direba ba zai hau jirgi da su a jininsa ba.

Yaushe za a ga likita

In wata ɗaya ya cika abin bai fara sauka ba, ku je. Sauka nake nufi, ba ɓacewa ba. In a makon farko kullum yana zabura, yanzu kuma sau biyu a mako, hanya ta yi kyau. In kuwa yana nan yadda yake ko yana ƙaruwa, ba a jira. Akwai kuma abin da ba a jira wata ya cika: in kwana da kwanaki ba ya runtsawa sam, ko ya daina cin abinci, ko ya fara shaye-shaye, ko faɗan ya kai ga ɗaga hannu, ko yana zama kamar ba ya cikin duniyar. Mafi girma shi ne in kika ji yana cewa ya gaji da rayuwa, ko gara shi ne ya mutu. Ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin, an auna wannan an tabbatar. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Magani akwai, kuma yana aiki. Wanda ya fi ƙarfin hujja magani ne na zama da ƙwararre, yawanci zama takwas zuwa goma sha biyu, inda ake bin labarin a hankali, daki-daki, har ƙwaƙwalwa ta sa masa kwanan wata ta ajiye shi, ana kuma warware lissafin "da na yi kaza". Bambancinsa da amayarwar da na soke a sama shi ne ana yin sa ne ga wanda ciwon ya kama, da yardarsa, a hannun wanda ya iya, ba a zama ɗaya ba. Akwai kuma wanda ake kira EMDR, da Francine Shapiro ta fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, inda mutum ke tuna abin yana bin motsin yatsan likita da ido. Ƙwayoyin ciwon damuwa suna da wurinsu, musamman in damuwar ta yi nauyi, amma likita ne zai yanke, kuma dole likitan wurin aiki ya sani. Dattijon nan mai jan birki, a zama na bakwai ne ya iya ba ni labarin ranar, hannunsa a buɗe.

Komawa tuƙi

Ra'ayina shi ne ya koma, amma ba gobe ba, kuma ba shi kaɗai ba. Kuskure biyu ake yi. Ko a mayar da mutum kan jirgi da wuri don a nuna jarumta, alhali ba ya barci, wanda haɗari ne gare shi da fasinjojinsa. Ko kuma a bar shi a gida wata da watanni, tsoron yana ƙara girma, domin duk abin da ake gudu ƙara tsawo yake yi. Hanyar da na ga tana aiki hawa-hawa ce. Ya fara zuwa tasha ya gaisa da abokan aiki ya dawo. Sai ya hau jirgi a matsayin fasinja. Sai ya zauna kusa da wani direban. Sai ya tuƙa da wani a gefensa, a wani layin dabam. Daga ƙarshe ya bi ta wurin da abin ya faru, da rana, da rakiya. Kowane mataki sai jikinsa ya ɗauka a wuce na gaba. Kin tuna direbobin Faransa da aka bari su kaɗai? Darasin bai tsaya a ranar farko ba.

Wannan ba alfarma ba ce wurin aiki za su yi masa. A Amurka, tun 2014 hukumar jiragen ƙasa ta tarayya ta wajabta wa manyan kamfanoni tanadin tsari na musamman don irin wannan rana: a sauke ma'aikaci daga sauran aikin ranar, a kai shi gida, a ba shi hutu da mai ba da shawara. Wasu biranen kuma tushen matsalar suka tara, kamar Singafo da ta sa ƙofofi tsakanin fasinja da dogo a tashoshinta na ƙarƙashin ƙasa tun 1987. Ku tambayi wurin aikinsa a rubuce wane tsari suke da shi, ku sa ƙungiyar ma'aikata a cikin maganar. Kuma in bayan magani da ƙoƙari ya ce shi kam ya gama da tuƙi, a nema masa wani sashe. Na ga waɗanda suka yi haka suka zauna lafiya, musamman waɗanda karo na biyu ko na uku ke nan abin yana faɗa musu.

Duk abin da na faɗa daga wasiƙarki na ɗauko shi, ta bakinki, ban ga maigida ba. Wasiƙa ba ta isa a tabbatar da ciwo ko a kore shi, kuma wanda zai ce ya isa hawa jirgi sai wanda ya zauna da shi ya duba shi. Abin da za ki iya yi daga yau shi ne ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta awa nawa ya yi barci, sau nawa ya zabura, me ya tayar da faɗa. In kun je wurin likita ku tafi tare, don na san zai ce ba komai, littafin ne zai yi magana. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, ki faɗi har abin da yake sha don ya samu barci in akwai.

Ke ma mako uku ke nan kina farkawa duk sanda ya zabura. In kun shiga wurin likitan, ki faɗi naki barcin.